Ɗan Wane Ne?

A shagon gem na Jazuli, can ƙuryar Fagge,
inda ɗari biyu ke sayen awa guda,
muka gaji da tsere, muka gaji da harbi,
muka ce fim za mu yi.
Ba kyamara, ba 'yan wasa, ba ko kuɗin mota,
sai wani birnin aro a cikin allo,
mai teku, mai dogayen benaye,
da mutum ɗaya da nake juyawa da babban yatsa.

Sati uku muna ɗauka.
Rumasa'u na yankawa tana haɗawa
a wayar yayanta mai tsagaggen gilashi.
Da muka zauna kallo, kowa ya yi gum.
Mutumin na tafe kamar wanda aka aika
bai tsaya jin saƙon ba.
Jazuli ya ce, "Wannan gawa ce da takalmi."

Muka ɗora masa kiɗan da kowa ke ɗorawa,
na kwamfuta, mai dukan ƙirji.
Ya zauna masa kamar hular aro.

Ran Laraba aka ɗauke wuta.
Na fito shan iska, sai ga muryar kalangu
daga rumfar mahauta da suka riga suka tashi.
Baba Cindo ne, shi kaɗai bisa benci,
ba biki, ba mai liƙi,
yana dai taɓa fata kada hannu ya manta.

Na miƙa masa wayar. Ya kai ta har hanci.
"Wannan ɗan wane ne?"
Na ce, Baba, ba shi da uba, gem ne.
Ya ce, "To me zan kaɗa?
Kalangu ba ya kiran iska, yaro.
Suna yake kira."

Nan muka raɗa masa, ba rago, ba goro:
Sallau, ɗan Ila mai gyaran rediyo,
da ya tafi neman kuɗi, hanyar gida ta ɓace masa.
Tsoho ya matse hammata,
tsarkiya ta miƙe, fata ta buɗe baki:
Sallau, Sallau na Ila, ina ka kwana?
Janareton maƙwabci ya sa baki,
wani ɗan adaidaita ya danna hon sau biyu,
duk muka naɗe. Ba mu goge ko ɗaya ba.

Daga ranar muka yi sabon darakta.
Sau goma sha bakwai na tsallakar da Sallau titi ɗaya
don ƙafarsa ta sauka inda makaɗi ya sauka.
Inda kalangu ya ja numfashi
Rumasa'u ta hana a yanka.
Fashewar motar nan da Jazuli ke ji da ita,
kwana biyu muka sha kafin ta yi kyau,
aka cire ta, take bai bar mata gurbi ba.
Ya yi fushi har la'asar.
Muka zauna jiran ranar cikin gem ta faɗi,
awarmu na ƙonewa,
don kiɗan na almuru ne, ba ya shiga da hantsi.

Minti shida da 'yan daƙiƙu.
Ya bi waya zuwa waya, har wani tela a Kurna
ya tare ni wai ina ci gaban.

Na kai wa Baba Cindo. Ya kalla sau biyu,
yatsansa na shida yana rawa bisa gwiwa.
Ya ce, "A kan gada ya makara da taku ɗaya.
Amma dai yanzu yana ji."

A ƙarshen fim ɗin Sallau na tsaye bakin teku,
ruwan da Kano ba ta taɓa gani ba.
Kalangu ya kira shi.
Ni na danna, na sani, yatsana ne,
amma duk sanda ya waiwayo
sai tsigar jikina ta tashi.